Amsar Magagi Tela Ita Ce Daidai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, wadda ta yi daidai da 14 ga Rajab 1446, da hantsi, Allah ya karɓi ran Magagi Ibrah, wanda duk Filinge ta sani da Magagi Tela. Ya rasu a gidansa yana da shekara saba'in da bakwai, bayan jinyar wata biyu, aka sallace shi bayan azahar. Ya bar matarsa Habsa da 'ya'ya biyar da jikoki masu yawa.

Ni ne Tahiru Kailu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda mutanen gari ke kira Mushe Tahiru, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, tun ina saurayi har yau da gemu ya yi fari. An saba mai rubuta ta'aziyya ya jero alherin mamaci ya yi addu'a ya ajiye alƙalami. Zan faɗi alherinka, Magagi, don yana da yawa. Amma ina da kaya a wuyana wanda ya kamata in sauke tun kana iya jin maganata, ban sauke ba.

Wanda bai san ka ba zai ce tela ne kawai mai rumfa a gefen kasuwar Lahadi. Ba ka taɓa zama a aji ba. Allo ka yi, sannan ka tafi ci-rani Kumasi kana matashi, ka koyo ɗinki, ka dawo da keken ɗinki da wata tsohuwar rediyo da ciwon son sanin mafarin kowane abu. Ba ka iya riƙe abu a hannu ba tare da ka tambayi wa ya fara yin sa, a wace ƙasa, a wace shekara ba. Kana sauraren tashoshin Hausa na nesa, kana tare direbobi da malaman asibiti da mahajjata da tambaya, abin da ka samu ka rubuta da ajami a bayan kwalin da kake yankan samfurin wuyan riga da shi.

Daga nan ka ƙirƙiro wasanka da kake kira "Wa ya riga?" Duk wanda ya kawo gyara sai ya sha tambaya kafin ya zauna. Tsakanin gwangwani da mabuɗinsa, wa ya riga? Mutum ya ce ai tare aka yi su, ka yi dariya har keken ya tsaya, ka ce gwangwani ya girmi mabuɗin da shekara arba'in da ɗoriya, da guduma da kurfi ake fama da shi kafin nan. A bakinka na fara jin cewa keken hawa na farko ba shi da abin takawa, da ƙafa ake tura shi a ƙasa. A bakinka na ji labarin telan Faransa da ya ƙera keken ɗinki, 'yan'uwansa teloli suka taru suka farfasa masa don tsoron ya raba su da abincinsu. Wanda ya ci tambaya, ka ɗinke masa aljihu kyauta. Wanda ya faɗi ma, sau da yawa kyautar kake yi masa, ka ce ladan dariyar da ya ba ka ne. Makiyaya daga Sanam da Abala, manoma daga Bankuku, kowa in ya gama cin kasuwa sai ya biyo ta rumfarka a gwada shi.

A watan Maris na 1983, lokacin mulkin soja, ƙungiyar Samariya ta shirya gasar kacici-kacici a filin gari bayan la'asar. Ƙungiyar da ta ci ita za ta tafi Yamai ta wakilci ƙasar Kurfai. An fafata har saura biyu: ta ma'aikatan gwamnati, da ta masu sana'ar hannu wadda kai ke jagoranta, kai da wani maƙeri da mai gyaran keke da mahauci. Ka ɗinka muku riga iri ɗaya, shuɗiya, ku huɗu. Ni aka naɗa alƙalin gasa, don ni ne mai takarda, kuma ni na tsamo tambayoyin daga littattafan lakwal na Faransanci. A kujerar gaba kwamandan yana zaune da kakinsa, hafsan da ke mulkin yankin a lokacin, kuma rabin ƙungiyar ma'aikata daga ofishinsa suke.

Aka yi kunnen doki, saura tambaya ɗaya. Na karanta: a wace ƙasa aka fara yin ashanar da ake ƙyastawa ta kama, kuma a wace shekara? Kai ka riga ɗaga hannu.

Ka ce, "Ingila, Mushe. Wani mai saida magani na yay yi ta, dubu da ɗari takwas da ashirin da shidda."

Na duba takardata. Abin da na kwafo daga littafi shi ne Faransa, 1831, wani ɗalibi. Na ce ba daidai ba. Ma'aikata suka ba da amsar littafi, don littafin da na karanta shi suka karanta.

Ba ka ɗaga murya ba. Cewa ka yi, "Mushe, duba dai da kyau. Na Haransa daga baya yaz zo."

Ina iya cewa a dakata a bincika. Ina iya jefar da tambayar in kawo wata, kuma a zuciyata na san ba ka taɓa faɗin shekara da ka ba. Amma na dubi kwamandan, na ga yana murmushi, na dubi jama'a, na ga suna jiran su ga ko tela zai gyara wa Mushe karatu. Sai na ɗaga littafin sama na ce abin da ke rubuce ba ya ƙarya. Kwamandan ya ce, "Tela, koma ga allura." Filin ya ɗauki dariya, ni ma na yi, kuma wannan dariyar tawa ita ta fi damuna har yau.

Ma'aikata suka tafi Yamai. Kai kuwa ka samu suna, Magagi Ashana. Shekaru ana kiran ka da shi a bayan ido da gaban ido. Mutum ya zo sayen maɓalli sai ya girgiza kwalin ashana a kunnenka ya tambayi labarin Ingila. Ka daina wasan "Wa ya riga?" Rumfar da ake cika don dariya ta koma wurin da ake kawo yadi a faɗi awo a tafi. Kusan shekara takwas ban ji ka yi wa kowa tambaya ba.

A 1986 aka tura ni Yamai ƙarin horo. Wata rana a ɗakin karatu na jawo wani babban ƙamus na ilimi, na buɗe wurin ashana, don abin bai taɓa barin raina ba. Ga shi nan a rubuce da Faransancin da nake taƙama da shi: wani mai sayar da magani a Ingila ne ya fara yin ashanar ƙyastawa a 1826, ɗalibin Faransa ya zo da tasa iri bayan wasu shekaru. Littafin lakwal ɗina nasu kawai ya ambata. Na zauna ina kallon shafin. Na yi wa kaina alkawari ranar da na sauka mota a Filinge, rumfarka zan fara zuwa.

Na je kuwa. Na tarar da mutane uku a zaune, na ce a raina bari sai ka keɓe. Da na same ka kai kaɗai, na ce wa kaina ai a bainar jama'a na kunyata ka, a bainar jama'a ya kamata in wanke ka, bari a samu taro. Da aka samu taro, na ce yau ba ranar tone-tone ba ce. Haka na yi ta yi wa kaina wayo. Ba tsoron soja ba ne, don kwamandan ya daɗe da barin gari, mulkin ma ya wuce. Girman kai ne, wanda Hausawa suka ce rawanin tsiya, kuma na naɗa shi shekara talatin da tara.

Da ka riƙe ni a zuci, da abin ya zo mini da sauƙi. Ba ka yi ba. Shekarar da 'yarka Bintu ta isa shiga lakwal, lokacin da mutane da yawa ba sa kai 'ya'ya mata, da kanka ka kawo ta ajina, ka ce mata abin da Mushe ya faɗa ki riƙe shi. A shekarar yunwa ta 1984 ka yi ta yi wa mutanen ƙauye da suka kwararo gari facin tufafi ba ka karɓi ko ƙwayar hatsi ba. Ba a taɓa biyan ka ɗinkin likkafani ba. Ranar da matata Ramatu ta rasu, kafin in dawo hayyacina ka riga ka yanka nata ka aiko, ka zo ka zauna kusa da ni kwana uku, ba ka buɗe rumfa ba har ranar kasuwa. A wannan zaman maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, na ce ba a haɗa makoki da wata magana.

Bayan an koma mulkin farar hula ka dawo da wasanka a hankali, 'yan zamani suka sake cika rumfar. Da aka buɗe rediyon gari aka so a riƙa shirin kacici-kacici, ni aka kira, ba kai ba, don ni ne mai takarda. Duk ranar Alhamis sai in biyo ta wurinka, ka ciro kwalayenka ka karanta mini: wa ya fara yin biro, daga ina shayi ya fito, takarda da injin buga littafi wa ya riga. In tafi in karanta a iska, mutane su ce kai, Mushe akwai sani. Sau biyu ko uku na ambaci sunanka, a gurguje. Tambayar ashana kuwa ban taɓa saka ta ba cikin shekara goma sha ɗaya da na yi ina shirin.

Da ka kwanta ciwo na zo duba ka sau huɗu. Zuwan ƙarshe, kwana biyar kafin rasuwarka, na fito gida da niyya sosai, har na tsara kalmomin a hanya. Na tarar kana numfashi da ƙyar, Habsa tana yi maka fifita. Ka kama hannuna ka daɗe kana kallona, kamar mai jiran a gaya masa wani abu. Na ce Allah ya ba da lafiya, zan dawo in ka ɗan ji sauƙi.

A wurin jana'iza, kafin a ta da salla, liman ya juyo ya ce duk wanda Magagi ya saɓa wa ya yafe masa. Sahu ya amsa, "Mun yafe." Na ji bakina ya faɗa tare da su. Ni, wai ina yafe maka. Kai ana roƙa maka yafiyar da ba ka da buƙata a wurina, ni kuwa wanda zan roƙa yana kwance a gabana cikin farin yadi.

Ranar addu'ar uku na kasa daurewa, na kira Bintu gefe, wadda yanzu ita ma malama ce, na gaya mata komai tun daga filin gasa har ɗakin karatu na Yamai. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi mamaki ba.

Ta ce, "Baba Mushe, ai ya shina. Tun shekarar da nis sayi waya nid duba mishi, nic ce bari in tahi rediyo in hwaɗi. Yac ce, a'a, bar shi. Mushe ma ya daɗe da sani, tun da yad dawo Yamai nig gani ga ido nai. Shi yay yanke hukunci, shi za shi warware abu nai. Ya san hanyar rumhwata, shina tahe."

Ashe duk Alhamis ɗin da na zauna a bencinka ina kwafar tambayoyi, kai jira kake yi. Kana da hujja a hannu, kana da 'ya mai ilimi da za ta wanke ka a yini ɗaya, ka hana, don kada a kunyata ni yadda na kunyata ka. Ka bar mini ƙofa a buɗe don in shiga da ƙafata, ka kyautata mini zaton da ban cancanta ba.

To ga shi ina faɗa, ko da yake da-na-sani ƙeya ce. Jama'ar Filinge da ƙasar Kurfai, da duk wanda ya halarci gasar nan ta 1983 yana raye, ku shaida: amsar Magagi Tela ita ce daidai, ni alƙali ni na yi kuskure, kuma na gane kuskurena tun 1986 na ɓoye. Ƙungiyar masu sana'a ita ta ci, ita ya kamata ta tafi Yamai. Duk wanda ya taɓa kiran sa da sunan nan na tsokana, a bakina ya samo shi, alhakin yana kaina. Na roƙi a karanta wannan takarda a rediyon gari, a kuma karanta ta a bakin rumfarsa ranar kasuwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Habsa, wadda ta zauna da shi shekara hamsin, da Bintu da Isufu da sauran 'yan'uwansu, da jikoki, da teloli na kasuwar Lahadi da ya koya wa sana'a. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ku ma na zalunce ku, don kun tashi kuna jin ana yi wa ubanku dariya a kan gaskiyarsa. Ku yafe mini rabonku in kun iya. Rabonsa kuwa ba ku da ikon yafewa, na sani.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Magagi, ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka daidaita harshensa wajen amsa tambayar kabari, ka suturta shi kamar yadda ya suturta matattunmu da rayayyunmu, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ya jira ni shekara talatin da tara ban zo ba. Ya Allah, in tawa ta zo, ka haɗa ni da shi ko na ɗan lokaci ne, in gaya masa da bakina. Amin.