Ranar da Sifiri Ya Zauna a Ƙasa

Har gobe ban manta da ranar da sufeton makarantu ya zo mana Tambuwal ba, a farkon shekarun mulkin kai, ina hedimasta. Malam Umaru, sabon malami mutumin Kebbe, ya zo a gwada shi. A ƙa'idar lokacin, sufeto kan zauna a bayan aji ya kalli sabon malami yana koyarwa. In ya ci a tabbatar da shi, in ya faɗi ya koma gida.

Malam Umaru dai ko kaza ba ya iya yi wa tsawa. Shi ya sa na fi shi fargaba.

Yana cikin aljabara, lissafin da harafi ke tsayawa a madadin lamba, sai sufeto ya taso ya karɓi alli. Ya rubuta x sau x a sama, x a ƙasa, wato a raba na sama da na ƙasa, ya ce a rage. Malam Umaru ya soke ɗaya sama ɗaya ƙasa, saura x. Sufeto ya ce to a sa sifiri a gurbin x. Yara suka haɗa baki, amsa sifiri. Sufeto ya gyaɗa kai, ya ce a rubuta.

Mu kuwa ba a yi wa babba musu gaban yara. Ina ta yi wa Malam Umaru ido ya rubuta mu huta, amma ya tsaya bai rubuta ba.

"Ranka shi daɗe, wanga ba shi da amsa," in ji shi. "Harafin da munka soke sifiri na, kuma ba a raba komi da sifiri."

Na ce a raina, shi ke nan, sai Kebbe.

Sufeto ya juya ga allo. Ya rubuta ɗaya sau sifiri daidai da biyu sau sifiri, ya soke sifiran kamar yadda muka soke x. Sai ga shi ɓaro-ɓaro a allo, ɗaya daidai da biyu. Shekara da shekaru ina koyar da sifiri a matsayin ba komai, ashe yana iya rushe lissafi duka.

"Da ka rubuta, da na kada ka," in ji sufeto, ya miƙa masa allin.

Tun ranar nake gaya wa sababbin malamai su duba abin da ke ƙasa kafin su soke. Malam Umaru kuwa, da na ce ya burge ni, cewa ya yi shi ma ya so ya rubuta, hannunsa ne ya ƙi.