Pa Samniang, Mai Rataya Zare

"Ajan, wannan ba abin da kake nema ba ne. Turmi ne."

"Shekara tara ina karatu a waje, yau ki ce mini turmi?"

"To ai karatun bai leƙa da kai bayan katanga ba."

A gabanmu Pa Samniang da Ajan Thawin suka yi wannan musayar, shekara uku da suka wuce, a ɗakin gwajinmu na birnin Korat. Ajan, wato malam, shi ne shugaban bincike. Pa kuwa, wato inna, firamare kawai ta yi, kuma duk shekara sai ya sa hannu ake sabunta mata takardar aiki.

Kullum da sassafe take zuwa. Ta ajiye takalmi a ƙofa, ta wanke hannu, ta zauna har numfashinta ya kwanta. Sannan ta ɗauki zaren ƙarfen da ya fi gashin jariri siranta, ta rataya masa ɗan madubi. Idan na'ura ta harbo ƙwayoyin da ido ba ya gani, sai su ture madubin, turin da ƙiftawar ido ta fi shi daɗewa nesa. Wannan ɗan motsin ake aunawa. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma babu takardar bincike ko ɗaya mai ɗauke da sunanta.

A wancan lokacin madubi ya riƙa motsin da ba a saba gani ba. Ajan ya ce sabon abu ya gano, har ya shirya sanar da duniya. Ita kuwa ta lura motsin da hantsi yake zuwa, kuma ba ya zuwa ranar ibada. Ranar ce Bualoi mai daka kwaɗon gwanda a turmi take rufe rumfarta da ke bayan katanga ta tafi haikali.

Ajan ya ce idan ta kunyata shi a banza, kada ta kawo masa takardarta bana. Ta fita ta roƙi Bualoi ta ajiye taɓarya. Madubi ya tsaya cak. Aka ci gaba da daka, ya ci gaba da rawa. Ajan ya haɗa tafukansa ya sunkuyar mata da kai.

Pa, ke ce kika gwammace ki rasa aiki da a yaɗa kuskure da zarenki. 'Yar masaƙa, mai hannun da ba ya ƙarya. Ni da na gama sakandare ina jin na fi ki sani, zare huɗu na tsinka a mako guda. Abin da kika ce kawai shi ne, "Ɗana, da fushi ka shigo. Fita ka dawo." Mun gode. Wanda duk aka ba shi ƙaramin aiki, ya riƙe shi yadda kika riƙe naki.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi mata sallamar ajiye aiki. Bualoi ta kawo kwaɗo, tana tsokanar Ajan wai ya kusa saka turminta a jarida. Muka bi layi muna ɗaura wa Pa farin zaren albarka a wuyan hannu, yadda ake yi wa mai tafiya. Da layi ya zo kaina na ji hannun nata yana rawa. Ta ce wata biyar tana ɓoyewa.

Ajan ne na ƙarshe. Ya ƙulla zarensa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar da na sake yin kuskure, a cikinku wa zai ce mini turmi ne?"