Gahawar da Baba ya nema

Akwai wata safiyar Asabar a gidanmu na Tudun Ƙofa da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da kuwa zan manta da komai na shekarar nan.

Shekarar ce mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce jiki zai iya farfaɗowa, in dai zai ci abinci ya kuma riƙa motsawa. To, nan fa matsalar take. Mutumin da ya saba zama a zaure yana ba ɗalibai karatu, sai ga shi kwance ya juya wa duniya baya. In an kawo kunu ya kurɓa kaɗan ya kau da kai. Magana ma ya daina, don kunyar yadda harshensa ya karye.

Wata rana ina gyara masa matashi, sai na ji ya ce, "Uwata, gahawa." Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na tambayi likita, ya ce kaɗan ba laifi. A lokacin, ni gahawar da na sani ita ce kofin ƙaramar leda mai haɗe da madara da sukari, wanda nake kaɗawa a tsaye kafin in bi motar Abuja zuwa ofis. Shi na haɗa masa. Ya shinshina, ya ture. Na sayo na gwangwani, ya ture. Na shiga manyan kantunan Abuja na kwaso niƙaƙƙe, na Habasha, na Kenya, har da wani na Barazil. Duk kai yake girgizawa.

Yayana ya ce, "Ki ƙyale tsohon nan ya huta. Shi kansa bai san me yake so ba."

Na ce, "Yaya, tun da ya kwanta abu ɗaya ya roƙa. Sai na samo shi."

Inna ce ta warware mini. Ta ce a Sudan ya koyi sha, lokacin da ya je karatu yana saurayi. Farkon aurensu kuwa ɗanyen 'ya'yan kofi yake saye wurin fatake, ya soya da hannunsa, ya daka da citta. Ni ko sau ɗaya ban taɓa ganin ɗanyen kofi ba. Na yi ta cigiya, har wata abokiyar aikina 'yar Gembu ta ce ana nomansa a tsaunin Mambila, ta sa aka aiko mini a mota.

Gwajin farko na ƙone shi ƙurmus. Na biyu ya fito rabi ɗanye. Ran Asabar ɗin sai na ce yau ba zan ɓuya a kicin ba. Na ɗauko kurfoti da kasko na dasa a bakin ƙofar ɗakinsa, na ɗage labule, na zuba.

Da ƙamshi ya fara tashi, na ga ya juyo da kai.

"Juya," ya ce. Na juya.

"Wuta ta yi yawa."

Na rage gawayi. Sai ya yunƙura, ya dafa gado da hannunsa mai lafiya. Inna ta taimaka masa ya zauna, idonsa na kan kaskon. 'Ya'yan suka fara ƙara, suka yi duhu suna sheƙi.

"Sauke. Ki kawo turmi nan."

Na riƙe masa ƙaramin turmi, ya daka da hagu, yana haki, ya ƙi bari a karɓa. Shi ya auna cittar da yatsunsa. Da na tafasa na tsiyaya masa a finjali, ya kurɓa, sannan ya ce, "Kin kusa."

Daga nan baki ya buɗe. Cikin karyayyen harshen nan ya ba mu labarin yadda gahawa ta taso daga Habasha ta ƙetara zuwa Yaman, inda masu zikiri ke sha don kada barci ya sace su, har alhazai suka yaɗa ta. Bai damu da kalmomin da ke maƙale masa ba. Da azahar ya ce a kawo masa tuwo. Inna ta shiga ɗaki, na san kuka ta je yi.

Bai warke sarai ba, amma kafin ƙarshen damina ya koma zaure da sanda, ɗalibansa suka dawo. Ya ƙara shekaru tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa.

Sai daga baya na gane cewa duk hidimar da muke masa, mun mai da shi wanda ake yi wa komai, ba wanda ake tambaya ba. Tun daga ranar, in majinyaci ya roƙi abu, komai ƙanƙantarsa, ba na sakin zancen. In na rasa yadda ake yi, gabansa nake zuwa in zauna, in ce ya koya mini.