Ranar da Na Kai 'Yata Awo

'Yata ta fari ta kai shekara biyu da wata biyar ba ta buɗe baki ta ce mini Mama ba. Tana gudu, tana hawa kujera ta sauko da kanta, amma magana shiru. In tana son abu sai ta kama bakin zanina ta ja ni, ta nuna da yatsa, ta yi wasu 'yan surutai. Wanda na fi ji shi ne “iyam, iyam”, sai “osam”, sai wani “idaa” da take yi tana kaɗa kai. Gwaranci na ɗauke su, irin na kowane jariri.

A lokacin muna zaune a wani gidan haya a unguwar Briqueterie, ɗaki da falo, bayan layin teloli. Aure ne ya kawo ni Yaoundé daga ƙasar Katsina. Ban da Hausa ba na jin komai sai ɗan Faransancin ciniki. Maigidana tela ne, in ya fita da safe sai dare. Ni kuma ina da ɗan tebur a kasuwar Mokolo, ina sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Tun da na yaye yarinyar nake barin ta wurin maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Bafulatana 'yar Garoua da ke zaune da ɗanta. Duk gidan Inna muke ce mata. Da ni Hausa take yi, mai nauyi kaɗan amma ana ganewa.

Abin bai dame ni sosai ba sai ranar wani suna a unguwar Cité Verte. Wani yaro da 'yata ta girma da wata huɗu ya zo ya gaishe ni rangaɗau, har da tambayar ina alewa. Wata mata da ban sani ba ta dubi tawa da ke maƙale a jikina ta ce, “Ita wannan ba kurma ba ce kuwa?” Ba da mugunta ta faɗa ba, amma shinkafar da ke gabana ban iya ƙarasa ta ba.

Na gaya wa maigidana. Ya ce shi ma an ce sai da ya shekara uku kafin ya yi magana, in bar wa Allah. Yayarsa ta ce harshen ne a ɗaure, a kira wanzami ya ɗan yanke ƙasansa. Na ce to Yaya, za mu gani, na yi ta ja mata rai. Inna kuwa ban taɓa tayar mata da zancen ba. Tsoro nake kada ta ɗauka ina cewa rainonta ne bai yi ba.

Ga kuma cin abinci. Shayi da biredi da safe, biskit da rana, sai makala, wato fanken da ake soyawa a bakin titi. Tuwo ko shinkafa in na kai bakinta sai ta datse haƙora. In na dawo kasuwa a gajiye sai in dama mata kunu tsararo, in miƙa mata wayata tana kallon zane-zane, ni kuma in shiga girki.

Wata Talata ban fita kasuwa ba. Na tono karnenta, wato littafinta na asibiti, daga ƙasan akwati, wanda rabona da shi tun da aka gama allurar rigakafi. Na goya ta muka tafi ƙaramin asibitin da ke wajen Messa. Muka zauna a benci tare da masu jarirai. Duk wurin tawa ce babba, har na ji kunya.

Da layi ya zo kanmu aka ɗora ta a sikeli, ta tsala ihu. Aka auna tsawonta, aka zagaya damtsenta da wani ɗan tef mai launi uku. Ma'aikaciyar jinyar, wata doguwar mata mai tabarau, ta fara yi mini bayani da Faransanci. Da ta ga ina ta gyaɗa kai kawai sai ta juya zuwa Hausa.

“Maman yarinya, me ya kawo ku yau?”

Na ce, “Ba ta magana, Madam.”

Ta ja ƙasan idon yarinyar ta duba, ta buɗe tafin hannunta, ta haska bakinta da tocila. Sannan ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta zube kofi da cokali da 'yar tsana da wasu 'yan katakai. Ta ce in zauna in bar ta. 'Yata ta jera katakan ɗaya kan ɗaya, suka rushe, ta sake. Ta ɗauki cokali ta kai bakin 'yar tsanar. Matar ta ce in ce mata ta kawo kofi, amma kada in nuna da hannu. Na faɗa, ta kawo. Matar ta zagaya bayanta ta murza wata takarda a hankali, yarinyar ta waiwaya.

“Kalma nawa take faɗa?”

Na ce ko ɗaya. Ban san hawaye ya zubo mini ba sai da na ji shi a haɓata.

Ana cikin haka yarinyar ta taso ta kama jakata, inda gorar ruwanta take, ta ce, “Dada, iyam.”

Matar ta ajiye biro. Ta sunkuya ta yi mata wata magana da yaren da ban ji ba. Sai na ga 'yata ta tsaya cak, ta gyaɗa kai. Matar ta ɗauko biskit a aljihunta ta sake yin magana, yarinyar ta kaɗa kai ta ce, “Idaa.” Matar ta fashe da dariya har tabaranta suka zamo.

“Wa yake riƙe miki ita in kin fita?”

Na gaya mata.

Ta ce, “To 'yarki Fillanci take yi. Ni 'yar Maroua ce, yarena ne. Ndiyam take cewa, ruwa ke nan. Na ba ta biskit ta ce mi yiɗaa, ba ta so. Bakin yara ne, tana cinye farkon kalmar. Dada kuwa ke ce, uwa.”

Na zauna daɓas a kan tabarmar. Wata nawa ke nan yarinyar nan tana kirana ina wucewa?

Matar ta ce in tuno duk surutan da na sani. Ina faɗa tana fassarawa tana rubutawa. Osam ashe nono ne. Wani “wal” da take yi wa kyanwar gidanmu, cewa take zo. Wasu ba ta gane ba, muka bar su. Muka sami kalmomi sun fi ashirin, har da biyu na Hausa da ban lura da su ba, da wata “bonjur”, gaisuwar Faransanci, da take yi wa mai biredi.

Ina shirin yin godiya in tashi ta ce in dakata, ba a gama ba. Ta ce a shekarunta ya kamata ta fi haka haɗa kalmomi, saboda haka akwai ɗan jinkiri, ko da yake ba abin tayar da hankali ba ne. Harshenta lafiya lau, kada in bari kowa ya kai masa aska. Ta rubuta mini takarda in kai ta babban asibiti a duba kunnen da na'ura don a tabbatar. Abin da ya fi damunta shi ne jikin: nauyin ya yi ƙasa, gwajin da aka yi da ɗigon jinin yatsarta kuma ya nuna ƙarancin jini. Ta ce shayin nan a rage shi, kunu a yi shi da kauri a sa gyaɗa, a dinga ba ta ƙwai da kifi da wake da ganyen zogale. Ta ba ni maganin ƙarin jini.

“Wayar nan kuma ki karɓe,” in ji ta. “In kina girki ki zaunar da ita kusa, ki riƙa gaya mata abin da kike yi. Ki yi mata Hausarki, tsohuwar ta yi mata Fillancinta. Kan yaro yana ɗauka.”

Da muka dawo gida ban ko shiga ɗakina ba, na wuce wurin Inna. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Na kwashe komai na gaya mata, har da maganar wanzami.

Ta saki baki tana kallona. “Au, ke ba ki sani ba? Yarinyar da tun azumi take cika mini kunne? Ni na zaci in kun shiga ɗaki Hausa take yi miki.” Sannan ta ce, “'Yata, da kin tambaye ni ai.”

Na ce, “Kunya na ji, Inna.”

Ta ture faifan gefe ta ce in zauna. A ranar ta koya mini kalmomi goma, tana dariyar yadda nake karya su. Maigidana da ya ji labari sai ya yi ta sosa ƙeya, don shi a unguwar nan ya tashi, yana jin Fillanci daidai gwargwado. Bai taɓa zama da ita da rana ba ne. Daga makon ya fara dawowa cin abincin rana a gida.

Kunnen an duba, ba a ga komai ba. Abincin ne ya ba mu wahala. Kunun gyaɗa ta karɓa, kifi sai an ɓoye shi a cikin dankali, maganin jinin kuwa kullum sai mun yi kokawa, ya ɓata mini riguna biyu. Inna ce ta gano cewa in an zuba mata a kwanonta ita kaɗai ba ta ci, amma in an sa hannu tare a kwano ɗaya tana ci. Sai na daina ba ta a baki, muka koma ci tare a ƙasa.

Mun koma awo wata uku a jere. A na farko nauyin bai motsa ba. A na biyu ya ɗan hau. A na uku ba mu tarar da mai tabarau ba, an ce an mayar da ita wani wuri. Wata ce ta auna ta, ta duba karnen, ta ce ya yi kyau, mu dawo bayan wata uku. Har yau ina jin haushin ban samu na yi wa matar nan godiya yadda ya kamata ba.

A hanyar dawowa yarinyar ta ƙi goyo, ta ce ita da ƙafa za ta tafi. Muka taho a hankali ta gefen kwata, ina riƙe da hannunta, masu babur suna ta yi mana oda. Sai da aka kira azahar muka iso gida.