Mutumin da Na Shafe a Bangon Makaranta

Har gobe ban manta ranar da hedimasta ya kira ni ofis ya miƙo mini wani shafin mujalla ba. A shekarun tamanin ne, ina ƙaramin malamin zane a wata firamare kusa da Ƙofar Kibo. Hoton wani Bature ɗan sama jannati ne tsaye a kan doron wata cikin fararen kaya, duniya can nesa a bayansa.

"Malam Sabo, wannan nake so a bangon waje kafin masu duba makarantu su zo," in ji shi.

Ku yaran yanzu inji ke buga muku komai. Mu sai ka raba hoton gida-gida da fensir, ka ja layuka a bango da zare da alli, sannan ka bi gida ɗaya bayan ɗaya. Hutu ake yi, ni kaɗai ne a makarantar, daga ni sai tsani da gwangwanayen fenti.

Abin da hedimasta bai sani ba, ta lungun da bangon yake kallo mahaifina yake bi kullum zuwa wajen karatu. Gidanmu a Limancin Kona gidan malamai ne. Tun da na zaɓi zane, Malam, wato mahaifin nawa, bai taɓa duban aikina ba. Bai yi faɗa ba, bai hana ba, shiru kawai. Wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Ina kan tsani zan ji takunsa, in sauko in durƙusa, ya amsa gaisuwa idonsa na kan hanya.

Da siffar ta fito, dattawan unguwa suka aiko cewa ba sa son hoton mutum a hanyar masallaci. Hedimasta ya sosa ƙeya.

"Ka yi haƙuri, shafe shi. Bar watan."

Na shafe shi, raina a ɓace. Saura ƙasa mai toka-toka, baƙin sama, duniya, da sawun takalminsa da na kasa taɓawa.

Washegari da hantsi na ji takun Malam. Sai takun ya tsaya. Ban ma iya saukowa ba.

"Kai, wannan shuɗin fa?"

"Duniya ce, Malam. Haka suka hango ta daga can."

"Har da mu a ciki?"

"Har da mu."

Ya daɗe yana kallo. Ya nuna sawun da sandarsa.

"Shi mai sawun nan, da ya isa, wa ya tarbe shi?"

"Babu kowa a can, Malam."

"Ko mai amsa sallama?" Ya girgiza kai. "Allah sarki. Bawan Allah."

Ya wuce. Na bi bayansa da ido har ya sha kwana, ina jira ya waiwayo ya ce aikin ya yi kyau, ko ma ya ce bai yi ba. Bai waiwayo ba. Har ya rasu ba mu sake maganar ba.

Shi ya sa nake gaya muku, aikin nan namu fuskarka na bango, bayanka na jama'a, kuma wanda kake yi dominsa ba lallai ya ce komai ba. Masu dubawa sun zo sun yaba, hedimasta har da tafi. Ni kuwa na koma gida na tarar da Malam a zaure, na gaishe shi, ya amsa, ya ci gaba da karatunsa.