Inda Wata Ke Fitowa da Sanyi

Shekara talatin da ɗoriya katanga ɗaya ce tsakanina da Jibirin mai hoto a unguwar Abu Rof, cikin Umdurman, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki wata da muhimmanci kamarsa ba. Ni Ɗahiru tela ne, abin da ya haɗa ni da wata bai wuce azumi da salla ba. Shi kuwa duk ranar sha huɗu ga wata, ana idar da la'asar zai rufe shago, ko da ango ne zaune yana jiran a ɗauke shi, ya saɓa kyamara da sandarta mai ƙafa uku ya nufi bakin kogi. Mukan tsokane shi cewa kakansa ya tako da ƙafa daga Haɗeja za shi Makka ya maƙale a nan, shi jikan kuma ya ce sai sama. Ko gezau.

Abincinsa a hoton fasfo da na biki yake, amma bangon shagonsa babu fuskar mutum ko ɗaya. Ƙubbar Mahadi ce, da masallacin Nilen, da Mugran inda koguna biyu suka haɗu, da gadar tsibirin Tuti, kowanne da wata a kansa. Ya taɓa yi mini bayani cewa aikin na minti goma ne kacal. Watan sha huɗu yana fitowa ne daidai faɗuwar rana, lokacin da gini bai ɓace a duhu ba, watan kuma yana nan jajir, ƙato kamar faifai. In ka makara, sai wani watan. Saboda wannan minti goman ya sha rasa jam'in magariba, liman ya yi magana har ya gaji.

Matarsa Mairama ta rasu 'yarsu Mayada tana shekara tara, kuma bai sake aure ba. Da ba shi da inda zai bar yarinyar, sai ya riƙa tafiya da ita bakin kogi. A can ya koya mata abin da yawancinmu muka tsufa ba mu lura da shi ba, wato wata ba wuri ɗaya yake fitowa ba. In ka fuskanci gabas daga gaɓarmu, da sanyi ta hagu yake ɓullowa, bayan gadar Shambat. Da zafi ya yi sai ya koma dama, can wajen Tuti da dogayen benayen Hartum.

Yaƙi ya ɓarke a ƙarshen azumi. Mayada, wadda a lokacin ta yi aure da 'ya'ya biyu, ta bi mijinta zuwa Aswan, can tsallaken iyaka. Ta yi kuka, ta yi roƙo, uban ya ce ba inda za shi, wa zai bar wa kabarin Mairama. Taurin kai dai ba a kasuwa ya saye shi ba. Layinmu mai gida ashirin ya koma mu huɗu. An fasa shagonsa, an kwashe kyamarori, har sandar nan mai ƙafa uku ba a bari ba. Abin da ya tsira shi ne wani gwangwanin shayi cike da ƙananan katunan da yake ajiye hotuna a ciki.

Da harbe-harbe suka lafa, mutane suka fara dawowa jefi-jefi, sai Jibirin ya sa rai. Ya share ɗakin Mayada, ya sake wa gadajen yara igiya da hannunsa. Ni na ɗinka masa labulen tagar. Da yamma nakan jiyo shi ta katanga yana dafa shayi, ya zuba kofi ɗaya, rediyo a kashe. Kaɗaici ya cinye mutumin nan, har ya fara yi wa kyanwa hira.

Lokacin ne ya fara abin da na ce masa kada ya yi. Duk sha huɗu ga wata sai ya buɗe gwangwanin, ya zaɓi tsohon hoto mai kyau, ya tura wa Mayada ta waya, ya rubuta: "Watan yau ke nan." Bai gaya mata an sace kyamara ba, bai gaya mata ya daina zuwa bakin kogi ba. So yake ta ga gari lafiya lau, fitilu na haske a ruwa, ta kwaso yara ta dawo. Na ce, "Jibirin, ramin ƙarya ƙurarre ne." Ya ce, "Ya Ɗahiru, ba ƙarya ba ce. Garin ne, watan ne. Ranar ce kawai ta bambanta."

Wata biyar abin yana tafiya. Mayada har ta fara tambayar ko makarantar unguwa ta buɗe. Sai sanyi ya shigo, kuma a nan gizo ke saƙa. Duk hotunansa na sanyi da gadar Shambat a ciki, a miƙe, motoci na wucewa, alhali kowa ya san gadar ta karye tun shekarar farko ta yaƙi. Ba halin ya tura su. Sai ya ɗauko wani na Tuti, wata zaune a kan benayen Hartum, ya aika.

Ina shagona ina ɗaura zare ya shigo da wayar a hannu. Ya kunna mini saƙon muryarta, Hausa da Larabci a cakuɗe yadda yaranmu ke yi.

"Yaba, kef? Na ga sura, hoton da ka turo, tana da kyau. Lakin yanzu sanyi ne. Kai ka koya mini da sanyi wata ba ya fitowa ta Tuti, ta kubri, gadar Shambat, yake fitowa. Wannan sura ta zafi ce, kuma ta da ce. Yaba, ina kyamararka? Kana lafiya? Alek Allah ka nuna mini abin da ke nan, yara zan kawo."

Ban ce masa na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo mini har baki. Ya zauna a kan benci. Can ya ce, "Da hannuna na koya mata." Ban san ko kuka yake shirin yi ko alfahari ba, ina jin duka biyun ne.

Washegari sha biyar ga wata, watan yakan ɗan makara. Ya ce in raka shi, na raka shi. Muka yi magariba a kan yashi mu biyu, sannan ya tsaya daidai inda ya saba kafa sandarsa. Watan ya ɓullo ta hagu, bayan karyayyar gadar, tsallaken kogi duhu, fitila ba ta fi uku ba. Ya ɗaga tsohuwar wayarsa ya ɗauka. Hoton ya fito dishi-dishi, watan kamar ɗigon alli. Mutumin da ya shekara arba'in bai bar mummunan hoto ya fita daga shagonsa ba, ya tura wannan. Ya ƙara da na layinmu da ya ɗauka da rana, ƙofofi a ɓalle. Ya rubuta: "Watan yau ke nan. Kyamara an sace."

Amsa ba ta zo ba sai da safe. Ta ce ta gode, ta ce ta yi kuka. Ta ce ba za ta iya kawo yara bana ba, za ta sa su makaranta a can, ya yi haƙuri. Ta roƙe shi ya zo, ya ce a'a, kamar kullum. Daga ƙarshe ta ce kada ya daina turo mata, amma na ranar take so, ko yaya ya fito.

Yanzu duk sha huɗu ga wata, ana idar da la'asar, zan ji ya ja ƙofa. Ba kyamara a kafaɗa, waya ce a aljihun jallabiya. Kafin ya fita nakan jiyo ƙarar tsintsiya ta katanga, yana share ɗakin da ya san ba mai kwana cikinsa bana.