Taken Uwaisu

Kakana Hammadu makaɗin kotso ne a wani ƙauye tsakanin Getso da Kabo. A garin, gida biyu ke yin dagaci, karɓa-karɓa: in na Gidan Bappa ya rasu, rawani ya koma Gidan Yelwa. Al'adar makaɗan kuwa, tun mai jiran gado yana jira ake shirya masa takensa a ɓoye, ba a kaɗa shi sai ranar naɗi. Kakana ya yi shekaru yana gyara na Uwaisu, ɗan Gidan Yelwa, abokinsa tun ƙuruciya.

Da dagacin Gidan Bappa ya rasu, sai ga Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi Gwarzo. An ce shi ma ɗan gidan sarauta ne a Ingila, inda ɗan fari ke kwashe komai. Shi ƙarami ne, shi ya sa yake nan yana shan ranarmu. Ka ce wanda aka hana zai tausaya wa wanda za a hana? Ina! Cewa ya yi karɓa-karɓa rikici ne, hakimi ya kai sunan Lawal, babban ɗan mamacin. Aka naɗa Lawal. Kakana ya haɗa masa take a gurguje, wanda shi kansa yake cewa ba gishiri. Uwaisu ya kwashe iyalinsa ya koma noma wajen Sabon Birni.

Daga nan hannun kakana ya daina jin maganarsa. Yana tsakiyar kaɗa wa Lawal sai yatsunsa su zame zuwa taken Uwaisu, ya fizgo su da sauri. Kakata Hajaratu ta ce ko tuwo yake ci, hagunsa na motsi a gefen akushi. Da tsakar rana yakan ji taken daga bayan rumbuna, ya leƙa, ba kowa. Abin ya ba shi tsoro ƙwarai, amma yana cewa in Lawal ya kau, rawani zai koma Gidan Yelwa, a huta.

Sai Uwaisu ya riga Lawal tafiya. Kakana ya taka har can da kotso a jaka. Liman ya dube shi ya ce, "Hammadu, ka san ba a kiɗa a gidan mutuwa."

Ya sani. Ya zauna cikin masu ta'aziyya, ya kaɗa taken a kan gwiwarsa tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya ji. Bai taɓa koya wa kowa ba. Mu jikokinsa motsin yatsun kawai muka sani.